Kafin a ƙara kuɗin intanet, a fara kawo mudu

Kusan duk ofishin da na shiga, daga ma'aikatu zuwa asibitoci da makarantu, koken ɗaya ne: intanet ba ta sauri. Maganin da shugabanni suka sani shi ma ɗaya ne, wato a ƙara kuɗi a sayo layi mafi ƙarfi. Da wuya ka ji an tambayi wanda ya auna layin da ake da shi. Alhali babu magidancin da zai biya kuɗin gero a kasuwar Dawanau bai ga awo ba.

Awon kuwa ba shi da tsada. Duk abin da ke bi ta layi yana tafiya ne ƙunshi-ƙunshi, kowane ƙunshi da girmansa da lokacin wucewarsa. Akwai manhajoji na kyauta da ke kama waɗannan ƙunshe-ƙunshe, kamar tcpdump da aka ƙirƙira a ɗakin bincike na Lawrence Berkeley a Amurka a 1988, da Wireshark da Gerald Combs ya fara a 1998 da sunan Ethereal, kafin a sauya mata suna a 2006. Lissafin ma na ɗan firamare ne. A tara bayit ɗin da suka wuce cikin daƙiƙa ɗaya, a ninka da 8 a samu bit, a raba da ƙarfin layin. Idan layi mai megabit 10 ne, aka ga bayit miliyan 1 sun wuce, to an ci kashi 80 cikin 100. Daga nan sai a zana jadawali, lokaci a kwance, yawan amfani a tsaye.

Sai dai jadawali ma yana iya ruɗin mai kallo. Manhajar MRTG da Tobias Oetiker ya fitar a 1995, wadda injiniyoyi suka daɗe suna dogaro da ita, bisa al'ada matsakaicin minti 5 take nunawa. Idan layi ya cika maƙil na daƙiƙa 30, sannan ya zauna babu kowa har sauran daƙiƙa 270, zanen zai nuna kashi 10 kacal. Ma'aikaci yana kukan taronsa na bidiyo ya yanke, injiniya yana rantsuwa layi lafiya lau, kuma dukansu gaskiya suka faɗa. Zanen daƙiƙa-daƙiƙa daga abin da aka kama shi ke raba wannan gardama. Shi ne kuma zai nuna ko kwamfutoci ne ke sabunta manhajoji da tsakar aiki, ko wani ne ke sauke fina-finai, ko kuwa zanen ya daskare a megabit 6 alhali ana biyan kuɗin 10. Wannan na ƙarshe hujja ce da za a tunkari kamfanin da ita.

Dole in ja kunne a kan abu guda. Mai kama zirga-zirgar layi yana iya ganin sirrin mutane, ga kuma dokar kare bayanai da Nijeriya ta yi a 2023. Don haka a kama kan ƙunshi kawai, a bar abin da ke ciki, da izinin hukumar ofis a rubuce, a kuma goge bayan an gama.

Shawarata ga manyan sakatarori, magatakardu da daraktoci ita ce, kada su sa hannu a takardar ƙarin kuɗin intanet sai an ajiye musu jadawalin mako guda a kan tebur. Gani ya kori ji.