Hunturu da bututun ruwan gidajenmu

Duk wanda ya kwana a Riruwai cikin Janairu ya san sanyin Doguwa ba wasa ba ne. Amma bai kai ya daskarar da ruwa ba. Sai sanyi ya kai digiri 0 ruwa ke zama ƙanƙara, ya kumbura da kusan kashi 9 cikin 100, ya tsaga bututu. Wannan matsalar mutanen Kanada da Rasha ce, shi ya sa suke binne nasu da zurfi.

Mu rana ce ke cinye mana bututun roba. Wanda aka bari a fili daga tanki zuwa famfo, zafin Maris da Afrilu kan gasa shi har ya koɗe. Hunturu na zuwa sai ya ƙara tauri. Akuya ta taka, ko ƙaninku ya jingina keke, sai ku ji ƙas! Ruwan da aka ƙona fetur aka jawo ya malale, alhali ko a Bebeji, maƙwabtan Dam ɗin Tiga, jarka sai da kuɗi.

Ranar Asabar mu ɗauki fartanya mu binne na ƙasa. Wanda ya hau bango a naɗe shi da tsohon buhu, ko a shafa masa farin fenti.