Kwamfuta Ba Ta Ɗaukar Hoto

Hoton fuska da ake ɗauka a cikin ɗaki ya rataya ne a kan abubuwa uku: inda haske yake fitowa, nisan kyamara daga wanda ake ɗauka, da yadda aka auna hasken domin launin fata ya fito daidai. Amma ra'ayin da ya yi kaka-gida a situdiyoyi da yawa, daga Kano zuwa Maraɗi, shi ne cewa duk waɗannan ƙananan abubuwa ne, a dai danna kyamara, sauran aikin za a ƙarasa a kwamfuta. Shi ya sa yaron da ya shiga koyon sana'ar yake ƙwarewa a goge fuska da Photoshop tun bai san inda zai zaunar da mutum a gaban taga ba. Wannan ra'ayi kuskure ne a fannin fasaha, kuma ya haifar da ɓarna ga kamannin mutanen da ake ɗauka.

Kwamfuta tana aiki ne da abin da kyamara ta kama kawai. Hoton JPEG yana riƙe matakan haske 256 ga kowane launi, hoton RAW kuma yana riƙe 4,096 ko 16,384, gwargwadon kyamarar. Wannan tazara tana ba mai gyara sarari, amma tana da iyaka. Idan haske ya ƙone farar shaddar ango har ɗinkin wuyan ya ɓace, babu manhajar da za ta dawo da shi, domin ba a taɓa ɗaukar sa ba. Idan kuma fuska ta nutse cikin duhu aka ɗaga ta da ƙarfi, ɗige-ɗige ne za su cika ta, launin ya koma toka-toka. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira na iya cike gurbin, sai dai abin da suke cikewa da shi ƙirƙira ce. Fuskar da ta fito ta manhaja ce, ba ta wanda ya zauna a gaban kyamara ba.

Hasken da ya fi dacewa da mai koyo kyauta ake samun sa. Taga ce wadda rana ba ta shigowa ta cikinta kai tsaye, ko wadda aka rataya wa farin labule mara kauri. Ƙa'idar ita ce, gwargwadon faɗin mafitar haske da kusancinta ga fuska, gwargwadon laushin inuwa. Ana zaunar da mutum kimanin mita ɗaya daga tagar, ya ɗan karkata gare ta, a riƙe farin kwali a ɗaya gefen don ya maido da haske kan kuncin da ke cikin inuwa. Idan aka daidaita, wani ɗan haske mai kusurwa uku zai bayyana a ƙarƙashin idon da ke gefen inuwa. Ana kiran wannan tsari da sunan Rembrandt, mai zanen ƙasar Holan na ƙarni na 17. Akwai kuma lissafin da ya kamata kowane mai ɗaukar hoto ya haddace: idan aka ninka nisan fitila daga mutum sau biyu, kashi ɗaya cikin huɗu na hasken ne yake isa gare shi. Da wannan lissafi ake duhunta bango ba tare da an taɓa kwamfuta ba, ta hanyar matsar da mutum kusa da hasken, nesa da bangon.

Ƙwan fitilar da ke rufin ɗaki kuwa kashe shi ake yi. Haskensa daga sama yake saukowa, ya bar ramukan duhu a idanu. Ƙwai mai ruwan ɗorawa yana kusan Kelbin 2,700, hasken rana kuma kusan 5,500, don haka idan suka haɗu a fuska ɗaya, gefe guda zai yi ja, ɗayan ya yi shuɗi, kuma duk gefen da aka gyara ɗayan ne zai lalace. Filashar da aka nufa kai tsaye ga fuska tana sa goshi da hanci su yi ƙyalli. A juya ta ta bugi farin bango ko silin. Idan bangon kore ne ko shuɗi, launinsa zai hau fatar, sai a koma ga farin kwali.

Bayan haske, abu na biyu shi ne nisa. Babbar kyamarar yawancin wayoyi mai faɗin gani ce, kwatankwacin milimita 26, shi ya sa mai ɗauka yake matsowa kusa don fuska ta cika hoton, hanci ya ƙara girma, kunnuwa su ja baya. Kusancin ne ya jawo haka. Maganinsa ja da baya zuwa kimanin mita biyu, da gilashin milimita 50 ko 85. Gilashin 50 mai buɗewar f/1.8 yana cikin mafiya araha a wajen manyan kamfanoni, kuma ya ishi mai farawa. Ana saita gani a kan idon da ya fi kusa, a bar saurin ƙiftawar kyamara a 1/125 na daƙiƙa ko fiye, a ƙara ISO idan haske ya yi ƙaranci. Ɗige-ɗige kaɗan suna gyaruwa, hoton da ya girgiza kuwa ya tafi ke nan.

Tarihin sana'ar a Afirka ta Yamma ya isa shaida cewa kyan hoto ba daga kwamfuta yake zuwa ba. Seydou Keïta ya buɗe situdiyonsa a Bamako a 1948, da hasken rana na tsakar gida da zannuwa masu zane a bayan mutane ya ɗauki hotunan da aka baje kolinsu a Grand Palais na Paris a 2016. Malick Sidibé, shi ma na Bamako, ya karɓi lambar Zakin Zinariya ta baje kolin Venice a 2007. J.D. 'Okhai Ojeikere na Najeriya ya fara ɗaukar hotunan kitson mata a 1968. Photoshop bai fito kasuwa ba sai 1990. A zamanin fim ma ana taɓa hoto da fensir, amma taɓawa ce kaɗan a kan aikin da ya riga ya kammala, kuma baƙar fatar da ke cikin hotunan nan tana sheƙi da launinta na asali.

A kan launin fata ne ra'ayin nan na dogara da kwamfuta ya fi yin ɓarna. Ma'aunin hasken kyamara yana ƙoƙarin mayar da duk abin da ya gani zuwa matsakaicin toka, wanda ke maido da kimanin kashi 18 cikin 100 na haske. Idan baƙin mutum ya sa farar babbar riga, rigar tana ruɗar ma'aunin, ya rage haske, fuskar ta ƙara duhu. Gyaran shi ne a auna a kan fuskar, a ƙara mata haske da kwali. Matsalar tana da tarihi: tun daga shekarun 1950 kamfanin Kodak yana raba wa masu wankin hoto katin gwaji mai hoton Baturiya, wanda ake kira katin Shirley, kuma sai a shekarun 1990 ya fitar da mai ɗauke da mata masu launi daban-daban. A 2021 Google ya fito da Real Tone a wayar Pixel 6 domin baƙar fata ta fito yadda take. Kamfanonin ƙetare suna ta ƙoƙarin gyara tsohon kuskurensu, situdiyoyin gida kuma suna sake aikata shi da hannunsu. Ana ɗauraye amarya har dangin ango su kasa gane ta ranar kai ta ɗaki, ana share tsagar gado daga kuncin dattijo, ana matse hanci, ana mayar da fata sumul kamar roba. A 2023 hukumar NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a Najeriya. Hoton da ke nuna wa yarinya cewa kyanta sai ta ƙara fari talla ne ga masu sayar da man. Faransa tun 2017 ta wajabta rubuta gargaɗi a kan hoton talla da aka sauya siffar jikin mai tallar, Norwe kuma ta kafa irin wannan doka a 2022, har da sauya fata.

Hujjar masu sana'ar ita ce abin da mai biya ya nema ke nan. Akwai gaskiya a ciki, idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Sai dai mai biya yana zaɓa ne tsakanin abin da aka nuna masa: hoto mai duhu da aka ɗauka a ƙarƙashin ƙwan rufi, ko wanda aka ɗauraye. Da wuya a nuna masa na uku, wanda aka haska da kyau tun farko. Wanda ya iya sana'a shi ke da nauyin nuna shi.

Gyaran hoto yana da muhallinsa, kuma yana da tsari. Ana fara daidaita farin launi, sai yawan haske da inuwa, sai yanke gefuna, sannan a cire abin da ba na dindindin ba, kamar ƙurji, zare a kafaɗa ko ƙyallin gumi. Tabo, tsaga, wushirya da launin fata na mai su ne, ba a taɓa su sai ya nema da bakinsa. Ana ajiye hoton asali, a yi aiki a kan kwafi. Lightroom ko Snapseed sun isa wannan aiki, darktable da GIMP kuma kyauta ne.

Saboda haka tsarin koyon da ya dace shi ne haske da farko, sai nisa da gilashi, sai auna fata, gyara ya zo a ƙarshe. Hoton da sai an share masa awanni a kwamfuta kafin ya kallu, tun a wajen ɗauka ya lalace, kuma wanda bai iya fitar da fuska mai kyau da taga da farin kwali ba bai kai a kira shi mai ɗaukar hoto ba tukuna.