Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Ma'aikatar Lafiya Ta Jihar Zamfara Da Majalisar Ƙaramar Hukumar Bungudu

Ina so in ja hankalinku ga 'yan'uwanmu zabiyoyi da ke noma da talla cikin rana tsaka daga Bungudu har Nahuce da Kwatarkwashi, da kuma sankarar fata da ke cinsu ba a ankara ba.

Akwai nau'in sankarar da ke tsirowa daga ƙwayoyin ƙasan fatar sama, kuma hasken rana ne babban sanadinsa. Baƙar fata na da garkuwa, shi ya sa ba kasafai yake kama mu ba. Zabiya kuwa ba shi da wannan kariya. Ciwon yakan fara da ɗan ƙurji mai sheƙi a gefen hanci, ko fatar ido, ko saman kunne. Ya fashe, ya yi jini, ya yi ɓawo kamar ya warke, bayan 'yan makonni ya sake buɗewa. Ba ya zafi sosai, don haka sai a je kemis a sayo man shafawa, ko a barbaɗa masa garin kafso. Da wuya ya bazu cikin jiki, amma yana cin nama a hankali har ya kai ƙashi. Wani nau'in kuma, ɗan'uwansa da ya fi yawa a zabiyoyin Afirka, shi kam yana bazuwa, yana kuma kisa.

Ido ba ya bambance su. Sai an yanki ɗan tsokar wurin an duba da madubin likita. Ga shi kuma mutanenmu sun riƙe cewa ciwon daji ba ya son allura, balle wuƙa. Wannan magana ta kai mutane da dama kabari, domin ƙurjin da likita zai cire cikin ɗan lokaci da allurar kashe zafi, shi ne ake riƙewa a gida sai ya zama gyambon da zai sa a tura mutum Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ko na Shika a Zariya, neman gashin na'ura, da kuɗin da manomi bai taɓa riƙewa ba.

Shawarata ba ta buƙatar sabon gini. A koya wa ma'aikatan ƙananan asibitoci ƙa'ida guda: duk ciwon da ya wuce wata ɗaya a fatar zabiya bai warke ba, a tura shi Babban Asibitin Bungudu, daga nan a san hanyar da samfurin zai bi zuwa Cibiyar Lafiya ta Tarayya ko Asibitin Yariman Bakura a Gusau, sakamakon kuma ya dawo hannun mai shi. A haɗa da wanzamai, don su ake fara nuna wa. A buɗe rajista, a rubuta suna da ƙauye da irin ciwon, saboda ba a yi wa abin da ba a ƙidaya ba kasafi.

Man kare fata daga rana yana da tsada, na sani. Malafa da riga mai dogon hannu kuwa ba su fi ƙarfin ƙaramar hukuma ba, haka umartar makarantu su daina tsayar da yaro zabiya a filin taro da rana. Ranar 13 ga Yuni, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware wa zabiyoyi, ku turo likitan fata ya yini a Bungudu yana duba su kyauta.

Wassalam.
Naku, wani ɗan Bungudu