Gine-ginen ƙananan hukumomi da ke kulle: A ba ƙungiyoyi haya, amma a rubuce

Duk wanda ya zagaya hedikwatar ƙaramar hukuma a Arewacin Najeriya, da wuya ya rasa ganin ginin gwamnati da aka garƙame da kwaɗo: cibiyar mata, ɗakin taro, tsohon ɗakin karatu ko gidan kallon talabijin. Wasu iska ta yaye rufinsu, wasu kuma awaki sun mayar da su makwanci. Da dama daga cikin cibiyoyin matan sun samo asali ne daga shirin Better Life na marigayiya Maryam Babangida, wanda aka fara a 1987.

A waɗannan garuruwan kuma akwai ƙungiyoyin sa-kai da ba su da wurin zama. Masu tallafa wa marayu, masu koya wa zawarawa ɗinki, ƙungiyoyin masu buƙata ta musamman da masu bayar da jini kyauta, yawancinsu a zauren shugabansu suke taro, ko su kama shago ɗan abin da suka tara na karo-karo ya ƙare a kuɗin haya.

Ga gini babu mai amfani da shi, ga masu aiki babu gini. Ya kamata ƙananan hukumomi su riƙa ba irin waɗannan ƙungiyoyi hayar gine-ginen a farashi mai rahusa. Ginin da ake shiga ana fita ya fi daɗewa, domin wanda ke ciki zai toshe yoyo tun damina ba ta rusa bango ba.

Sai dai yadda za a bayar ɗin shi ne abin lura. A inda ake yin hakan yanzu, sau da yawa da baki ake yi. Ciyaman ya ce a ba su makulli, shi ke nan. A jihohi da dama wa'adin ciyaman shekara biyu ne ko uku. Ƙungiya za ta sa kuɗinta ta gyara rufi, ta yi fenti, ta jawo wuta, ranar da sabon shugaba ya hau sai a aiko mata da saƙon ta kwashe kayanta, kuma ba ta da takarda ko ɗaya da za ta nuna wa alƙali. Asarar ba ta tsaya kan ƙungiyar ba, har da matan da ke tsakiyar koyon sana'a.

Alfarmar baki tana da wata illar. Ɗan siyasa na iya yi wa ƙungiyar bogi rajista, ya karɓi gini da sunan marayu, ya tsaga shi shaguna ya riƙa karɓar haya, ko ya mayar da shi ofishin kamfen idan zaɓe ya matso.

Ingila ta daɗe da yi wa wannan lamari ƙa'ida. Dokar ƙananan hukumominta ta 1972 ta wajabta wa majalisun yankuna su nemi farashi mafi kyau idan za su sayar da kadara ko su ba da haya ta fiye da shekara bakwai. A 2003 gwamnati ta sahale musu yin rangwamen da bai wuce fam miliyan 2 ba, matuƙar hakan zai amfani jama'ar yankin. Wato rangwamen halal ne, amma yana da iyaka, kuma sai an faɗi dalilinsa.

Ba sai Najeriya ta kwafi dokar Ingila ba. Kansiloli na da ikon yin dokar ƙaramar hukuma da za ta ce sai ƙungiyar da ke da rajista da Hukumar CAC ko ma'aikatar jiha, kuma mutanen gari suka shaida aikinta, za a ba gini. Yarjejeniyar ta zama a rubuce, wa'adinta ya zarce na ciyaman, misali shekara biyar, tare da sanarwar wata shida kafin a tashi kowa. Ta fayyace wanda zai gyara rufi da wanda zai biya kuɗin wuta, ta kuma haramta ba wa wani haya a kan haya.

Kada kuma a bayar kyauta. Ko kaɗan ne a biya, a asusun ƙaramar hukuma, a karɓi rasit, domin rasit ɗin ne shaidar cewa ginin na jama'a ne har gobe. Ginin da za a ba masu buƙata ta musamman kuwa, a yi masa hanyar keken guragu, kamar yadda dokar hana nuna musu wariya da aka sanya wa hannu a Janairun 2019 ta tanada.

A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai-tsaye, kuma tun lokacin hankali ya karkata ga kason da ke zuwa daga Abuja. Kadarorin da ke hannu ba su jiran wannan kason. Kowane ciyaman zai iya sa sashen ayyuka ya ƙirga gine-ginen da ke kulle, a liƙa jerinsu a allon sanarwa na sakatariya, a karanta a rediyo, sannan a sa ranar da ƙungiyoyi za su fara miƙa takardun nema.