Jif ɗin Baba

Shekara huɗu motar marigayi mahaifinmu, Lexus LX470 ƙirar 2002, ta yi a yashe ƙarƙashin dalbejiya a ƙofar gidanmu da ke Nasarawan Doya. Ɓeraye sun cinye wayoyinta. 'Yan'uwa suka ce a sayar wa 'yan gwangwan a raba gado. Ni kuwa na roƙa a yi mata kuɗi a cikin rabona.

Ban fara da fenti ba, duk da cewa shi ido ke nema. Tsatsar da ta ci gindin ƙofofi na bi da samfefa har ƙarfe ya bayyana. Fitilu a Panteka ta Kaduna na samo su, kujerun fata kuma wani baduku ya ɗinke. Na'urar da ke ɗaga motar ta sauke ta ce ta gagare ni, sai na sa aka maye gurbinta da sifirin. Masu ƙaunar asali za su ce na yi ɓarna; sun fi ni aljihu.

Ranar da injin ya tashi, Hajiya ta fito zaure ta tsaya, ba ta ce uffan ba. Yayanmu ne ya yi magana: "Dakta, tun janye tallafi a Mayun 2023, albashin wane malami ke cika tankin lita 96?"

Har yau a motar haya nake komawa Zariya.