Motar lantarki: a saya ko a dakata?

Ran nan gardama ta tashi a ajinmu na yaƙi da jahilci. Wani ɗalibina ɗan kasuwa ya ce wansa yana son sayen mota don iyali. Babba yake so, irin wadda muke kira kat-kat, mai ɗaukar mutum biyar ko bakwai. Sai wani ya nuna masa hoton wata sabuwa a cikin salula, ya ce wannan ba ta shan mai, wuta take sha. Ɗalibin ya dube ni ya ce: "Malam, ya saya ko ya bari?"

Na ce masa ya ba ni kwana biyu. Maganar miliyoyin kuɗi ba a yanke ta a tsaye. To ƴan uwa, ga abin da na gani.

Mece ce motar lantarki?

Mota ce kamar kowace mota, da ƙafa huɗu da sitiyari. Amma ba ta da tankin mai. A ƙarƙashinta akwai wani ƙaton batir mai nauyin buhun hatsi huɗu ko biyar. Shi ake cikawa da wuta, kamar yadda ake yi wa salula caji. In ya cika, irin waɗannan manyan motoci suna yin kilomita 300 zuwa 500 kafin ya ƙare. Ƙasar Sin ce ta fi kowa ƙera su yanzu.

Amfaninta

Na farko, sauƙin kuɗin tafiya. Mu yi lissafi tare. Babbar motar mai tana shan wajen lita 10 a kilomita 100. In lita ɗaya dala ɗari ce, ka kashe jika 5 ke nan. Ita kuwa ta lantarki tana cin wajen kilowat 20 a wannan tafiya. Mu ɗauka kowane kilowat dala ashirin da biyar ne. 20 sau 125 ya ba da 2500, wato jika biyu da rabi. Ka ga rabi ya koma aljihu.

Na biyu, ba ta da yawan laulayi. Babu sake baƙin mai, babu buji, babu salansa. Kayan da ke motsi a cikin injinta kaɗan ne, don haka abin da zai lalace ma kaɗan ne.

Na uku, ba ta hayaƙi, ba ta ƙara. Wanda ya taɓa tsayawa bakin babbar kasuwar Maraɗi da yamma, tsakanin kabu-kabu da adaidaita, ya san yadda hayaƙi ke cika ƙirji. Yara da tsofaffi su suka fi shan wahalarsa.

Na huɗu, ba ta bin layin gidan mai. Ku tuna watan Maris na 2025, lokacin da mai ya yi wuya a ƙasar nan. Mutane sun wuni cikin rana suna jiran lita biyar. Ga matatar mai a Damagaram tun 2011, amma abin da take tacewa bai ishe mu ba a lokacin. Ƴan ruwa-ruwa da muka saba da su kuma, tun da Najeriya ta cire tallafin mai a 2023, kasuwarsu ta ja baya. A irin wannan rana, mai motar lantarki sai ya wuce abinsa.

Duk wannan gaskiya ne, ban musa ba. Amma Bahaushe ya ce kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Bari mu dubi ramukan.

Matsalolinta

Babbar matsala ita ce wuta. Motar da abincinta wuta, sai a garin da wuta ta zauna da gindinta. Mu kuwa, kusan mutum ɗaya ne cikin biyar ke da lantarki a gidansa. Wutar Maraɗi da Damagaram daga Katsina take zuwa, ta Yamai kuma da yawanta daga Birnin Kebbi. A watan Agusta na 2023 Najeriya ta yanke ta, ba ta dawo ba sai farkon 2024. Kowa ya tuna yadda muka kwana. In ka ce za ka tada injin wuta don ka cika motar, ai mai ka sake saye. An gudu ba a tsira ba.

Sai maganar lokaci. Zuba mai minti biyar ne. Cika batir da wutar gida kuwa yana iya cin kwana ɗaya cur, ko fiye. A ƙasashen da motar ta yawaita, akwai tashoshi na musamman a kan hanya, masu cika mafi yawan batir cikin rabin awa ko minti 40. Su ne gidajen mansu.

Yanzu mu hau hanya. Daga Maraɗi zuwa Damagaram wajen kilomita 240 ne. Wannan za ta kai ka. Daga Maraɗi zuwa Yamai kuwa wajen kilomita 660 ne. Ka wuce Madawa, ka wuce Ƙonni, kafin ka kai Dosso batir ya ce ga garinku. Ga mata da yara a mota, ga rana. Mai mai zai sami lita biyu ko a kwalba ne a bakin hanya. Kai kuwa wa zai sayar maka da wuta a kwalba?

Kuma kilomita 500 da aka rubuta a takarda, lissafin hanya mai kyau ne. Ka ɗora buhuna, ka kunna na'urar sanyi, ka sauka daga kwalta ka shiga rairayi, sai lissafin ya ragu. Motar ma ta fi ta mai nauyi saboda batir, in ta kafe a rairayi sai an tara majiya ƙarfi. Zafi kuma yana tsufar da batir da wuri, ga shi zafinmu na bazara yana wuce awo 40.

Sai gyara. Makanikanmu gwanaye ne, da kunne kaɗai suna gane ciwon inji. Amma wannan wani karatu ne daban. Wutar gida ƙarfinta 220 ne, ta cikin batir ɗin nan tana kai 400. Wanda bai koya ba ya sa hannu, yana iya rasa ransa. Kayan gyara kuma sai an yi odarsu daga nesa, mota na ajiye.

Na ƙarshe, tsada. Yawancinmu tsohuwar mota muke saye, wadda ta gama aiki a Turai ta biyo ta teku. Kamfanoni da yawa shekara 8 suke ɗaukar alhakin batir. In ka sayi wadda ta shekara goma, ba ka san sauran ƙarfin da ya rage ba, kuma batir shi ne abu mafi tsada a jikinta. Ka sayi doki ba ka duba haƙoransa ba ke nan.

Ra'ayina

A wurinmu motar iyali ba ta mutum ɗaya ba ce. Ita ke kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare. Ita ke zuwa ƙauye gaisuwar rasuwa, ita ke ɗauko amarya, ita ke kawo hatsi da kaka. Maƙwabci ma yana da rabo a cikinta. Irin wannan mota dole ta tashi duk lokacin da aka buga ƙofa. Ba za ka ce wa mai naƙuda ta jira a kawo wuta ba.

Don haka na ce wa ɗalibina: in wanka mota ɗaya tak zai saya, kuma yana tafiya mai nisa, ya dakata. In kuwa yawonsa cikin gari ne, daga gida zuwa kasuwa, zuwa kai yara lekol, yana da gidan kansa da farantan hasken rana masu yawa, yana da wata motar ta tafiya, to ya saya, zai ji daɗinta.

Kar ku ce na ƙi ci gaba. A ƙasar Norwe, cikin sababbin motoci 10 da aka sayar a 2024, kusan 9 na lantarki ne. A nan Afirka, Habasha ta hana shigo da ƙananan motocin mai a 2024. Amma ku lura, duka biyun suna da manyan madatsan ruwa masu ba su wuta. Wuta suka fara nema, sannan mota.

Mu ma Allah bai hana mu ba, ya ba mu rana. An kafa tashar hasken rana a Malbaza a 2018, an kafa wata babba a Goru Banda kusa da Yamai a 2023. In irinsu suka yawaita, aka sa wuraren caji a Tasawa da Ƙonni da Dogon Dutsi, aka koya wa samarinmu gyara, ranar nan ni da kaina zan ce a saya. Kafin nan, sannu ba ta hana zuwa.

Mu tattauna

1. A garinku, awa nawa ake samun wuta a rana?
2. Mota tana shan lita 10 a kilomita 100. Lita nawa za ta sha daga Maraɗi zuwa Damagaram?
3. Da kai aka tambaya, wace shawara za ka ba wannan bawan Allah?