Asisat Oshoala a Saudiyya: wannan karon lissafin ya bambanta

Komawar Asisat Oshoala ƙungiyar Al Hilal ta Saudiyya a watan Satumban 2025 ta tado irin maganar da aka yi a 2017, lokacin da ta bar Arsenal ta tafi Dalian a ƙasar Sin. A wancan lokaci an ce kuɗi ta bi, tauraronta zai dushe. Bayan shekara biyu sai ga ta a Barcelona, inda a 2019 ta zama ƴar Afirka ta farko da ta ci ƙwallo a wasan ƙarshe na gasar zakarun Turai, kafin ta ɗauki kofin a 2021.

Amma a Sin tana da shekara 22 ne, yanzu kuwa ta haura 30. Gasar matan Saudiyya ma a 2022 aka fara ta, ba ta kai zafin ta Amurka ba, inda ta baro Bay FC. Albashin dai ba wanda zai ga laifinta, domin ƙwallon mata ba ya ajiye wa kowa fansho.

Abin da ke cikin haɗari shi ne gurbinta a tawagar Najeriya. A kofin Afirka na Yulin 2025 a Maroko, wanda Najeriya ta ɗauka karo na 10, ita ta buɗe cin ƙwallo a kan Tunisiya, amma da gasar ta yi nisa benci ta fi zama. Rasheedat Ajibade aka zaɓa gwarzuwar gasar. Mai horarwa Justin Madugu ya riga ya ga cewa zai iya cin kofi ba tare da ya dogara da gwarzuwar Afirka sau shida ba.